Injin da Ba Ya Ciwo a Gaban Bakanike

Karo na uku ke nan tun safe da injin ya mutu a hannun Wanzami. Yadda ya saba haka ya yi: ya fara shaƙewa, ya ɗan kwarma ihu kamar zai farfaɗo, sai kuma tsit, zaren robar da ke bakinsa ya daina juyawa ya kwanta a kan ciyawa. Wanzami ya finciki igiyar tayarwa sau biyar, sau shida. Ina! Ko gezau. Ya zare maratayin daga kafaɗarsa, ya kai injin inuwa, ya zauna a kan benci yana jiran sai ya ga dama. Ya riga ya san halinsa, in aka bar shi kwance minti goma zai tashi garau kamar ba shi ba.

Kada ku ɗauka aski yake yi. Mai kula da filin asibiti ne, shekara ashirin da shida ke nan. Nas-nas ne suka laƙaba masa sunan, wai yadda yake daidaita ciyawar bayan ɗakunan jinya, ko ango ba ya samun irin wannan gyaran fuska. Da adda da almakashi ya fara, ya shekara goma sha tara a duƙe, kafin asibiti ta sayo masa injin nan mai dogon wuya, mai shan fetur, wanda ake ratayawa a kafaɗa ana lilo da shi dama da hagu. Shekara bakwai suna tare ko cacar baki ba su taɓa yi ba, sai a makonni ukun nan.

Abin takaicin kuwa, injin munafuki ne. Sau biyu ana kai shi wurin bakaniken da asibiti ke hulɗa da shi. Karon farko aka canja masa fulogi. Karo na biyu aka kwance kafireta aka wanke tas. Duka biyun, bakanike na jan igiya sau ɗaya sai injin ya ɗauka, ya yi ta rera waƙa har maƙwabta su toshe kunne. Bakanike ya kashe, ya goge hannu, ya ce, "Baba, wannan ai ya fi ni lafiya." Da an dawo fili kuma, minti tara, minti goma, sai ya miƙe ƙafa.

Yana nan zaune aka aiko Sakataren asibiti na kiransa.

Sakatare ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Mutum ne mai tsari, mai biro uku a aljihun gaba, wanda ya yarda da abin da aka rubuta aka sa hannu. Shi da kansa ya ja wa Wanzami kujera.

"Baba, ni ɗanka ne, kada ka ji kunyata," in ji shi. "Sau biyu bakanike yana rubuto mini cewa injin nan lafiyarsa ƙalau. Ni kuma duk sanda na leƙo, a kan benci nake ganinka."

"Yallaɓai, mutuwa yake yi."

"A hannunka kaɗai?"

Wanzami ya san gaskiya ne. A hannunsa kaɗai ne.

"Tsufa ba laifi ba ne, Baba. In ƙarfi ne ya ja baya, ka faɗa mini, ba sai an ɗora wa ƙarfe ba. Ranar Juma'a manyanmu za su zo duba asibiti. In ciyawar nan ta kai yammacin Alhamis a haka, dole in kira kamfanin masu gyaran fili su karɓi aikin, kai kuma mu nema maka kujera a bakin ƙofa, kana duba katin masu shiga."

Kujera a bakin ƙofa! Amma wallahi ba kujerar ce ta fi yi masa ciwo ba. A shekara ashirin da shida ba a taɓa cewa ya ɗauki ko tsintsiya ba, ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. Yau ga shi an ce masa maƙaryaci, cikin ladabi, har da ja masa kujera. Ya ce, "To, Yallaɓai," ya fito. Ranar Talata ce.

Da yamma a gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta zuba masa ido yana juya cokali a kwano, har ta gaji ta janye kwanon.

"Ka kai wa Auta," ta ce.

"Bakanike namiji mai takarda ya duba sau biyu."

"Shi ya sa na ce ka kai wa Auta."

Auta ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu bakanike ne, ya haifi maza huɗu duk suka gudu ofis, sai autar mace ce ta tsaya tana miƙa masa sifana har ta gaje shi. Yanzu tana da shagonta a layin masu walda, tana gyaran janareta da injin ban-ruwa da zarto mai inji. Ranar da ta buɗe shagon, shekaru masu yawa baya, Wanzami ya yi suɓul da baka a gaban dangi ya ce sifana ai ba ludayi ba ce. Wasa ya yi, irin na mijin yaya da ƙanwar mata. To ita dai ba ta manta ba, kuma ba ta bari ya manta ba.

"Ta yi mini dariya har shekara mai zuwa," in ji shi.

"Ta yi mana. Wanzami dama ba ya son jarfa. Dariyar Auta da kujerar bakin ƙofa, wacce ta fi maka?"

Akwai kuma wani abu da bai faɗa mata ba, bai ma so ya faɗa wa kansa ba. Kwanakin nan, duk sanda injin ya shaƙe ya mutu, ransa yana ɓaci, amma kafaɗarsa ta dama hamdala take yi. Yakan zauna a bencin nan ya ji wani daɗi yana sauko masa har gadon baya. Maganar Sakatare ta tsaya masa a wuya ne saboda ya fara jin tsoron ko akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

Washegari da sassafe ya shirya injin yadda yake shirya shi duk sanda za a je wurin gyara. Ya juye fetur ɗin tanki a galan, don direbobin bas ba sa ɗaukar kaya mai wari. Ya goge shi da tsumma har yana ɗaukar ido, ya naɗe wuyansa da buhu, ya hau bas.

Ya tarar da Auta a tsugune gaban wani janareta, tabarau a kan karan hanci, hannu baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Gajeruwar mace ce, ta haura arba'in, murya gare ta da ke keta ƙarar walda. Shagon kuwa ko allura ka ajiye ka san inda za ka same ta: sifanoni a jere bisa bango daga ƙarami zuwa babba, gwangwanayen madara cike da noti kowanne da girmansa.

"A'a! Yau wace rana?" ta ce, ba ta ko miƙe ba. "Yaya da kansa? Ludayin yayata ne ya karye aka kawo mini?"

"Auta, ki yi wa Allah. Ba wasa ya kawo ni ba."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Abin da ta gani a fuskarsa ya sa ta ajiye sifanar, ta tura masa kujera da ƙafa. Ya zayyana mata komai, har maganar Sakatare, don ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Kafaɗa kaɗai ya ɓoye.

Ya zaci za ta zuba mai ta ja igiya kamar yadda kowa ke yi. Ko kallon igiyar ba ta yi ba. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya ta shiga yi masa tambayoyi kamar likita.

"In zai mutu, farat ɗaya yake yi kamar an kashe fitila, ko jan rai yake yi?"

"Jan rai yake yi. Har ya ɗan yi ihu tukuna."

"To ba wuta ba ce, abinci ne ke yanke masa. Fetur ɗin na yaushe ne?"

"Duk mako nake sayen sabo."

"Man injin da kake gaurayawa fa? Da ido kake zubawa?"

"Haba, Auta. Da ma'auninsa."

"Na sani, tsokana ce. In tanki na cike ya fi daɗewa, ko in yana rabi?"

Wannan kam ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya shiga tuna safiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya. "Da rabi ya fi daɗewa," ya ce a hankali. "In na cika shi maƙil, nan da nan yake mutuwa."

"Uhm," in ji Auta.

Sai a lokacin ta jawo injin. Ta kwance fulogi ta duba kalar bakinsa a hasken ƙofa ta mayar. Ta ciro soson da ke tace iska ta matsa shi, tsaf yake. Ta leƙa ragar salansa, ba toka. Ta bi tiyon mai da yatsa tana lanƙwasa shi ko zai nuna tsaga. Duk abin nan ba ta yi minti biyar ba, kuma hannunta bai taɓa komawa wuri ɗaya sau biyu ba. Wanzami ya tsaya yana kallo, ya tuna surukinsa marigayi, haka shi ma yake yi. Daga ƙarshe ta kwance murfin tanki, ta goge shi da gefen riga, ta kai bakinta ta hura. Ta juya shi ta zuƙa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dubi Wanzami, ta mayar da murfin ta ɗaure.

"Ɗauki kayanka, Yaya."

"Ba za ki tayar da shi ba?"

"In tayar ya yi mini waƙa in ce maka lafiyarsa ƙalau? Ai an yi maka wannan sau biyu. Ka wanke shi, ka juye masa mai, ka naɗo shi kamar jariri, ka wanke mini shaida tas. Injin da ba ya ciwo a kan teburina, ba na gyara shi a kan teburina. Gobe ƙarfe nawa kake fara aiki?"

"Bakwai. Amma gobe fa Alhamis ce, Auta."

"Na iya ƙirga kwana. Ka yi komai yadda ka saba, kada ka canja ko ɗaurin takalmi. Kuma ka ce wa Sakataren naku bakanikenka na son ganinsa a fili."

Ya koma gida yana mita a bas shi kaɗai. Yini guda ya tafi a banza, ba a ko kunna injin ba.

Washegari ƙarfe bakwai saura kwata ya iske Auta a kan bencinsa, da jakar kayan aiki a gefe a rufe, hannuwa a harɗe. Raɓa ba ta gama bushewa ba. Ciyawar ta yi tsiri-tsiri, wani wuri an aske wani wuri an bari, kamar kan da aka fara aski aka ɗauke wuta.

"Kada ka kalle ni," ta ce. "Yi aikinka."

Ya shimfiɗa buhu a kan siminti, don shi ba ya zuba mai a kan ciyawa. Ya auna man inji, ya zuba a galan, ya girgiza. Ya sa mazurari ya cika tanki. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wata 'yar farar leda, yankakka daidai, a ninke gida huɗu. Ya shimfiɗa ta a bakin tanki, ya ɗora murfi a kai, ya murɗa har ya yi tsam, ya sa yatsa ya gyara gefen ledar da ya leƙo. Bai ma san ya yi ba, hannunsa ne ya saba. Ya saci kallon Auta. Ita kuwa wani tsuntsu take kallo a kan waya.

Ja biyu injin ya ɗauka. Ya rataya ya shiga ciyawa. Yana cikin yi Sakatare ya sauko da fayil a hammata, ya tsaya nesa kaɗan yana duban wannan gajeruwar mace da aka ce masa ita ce bakanike. Auta ta gaishe shi, ta nuna masa agogon hannunta, ta ce ya taya ta lura da lokaci. Nas biyu da suka tashi daga aiki suka tsaya a baranda.

A karon farko a rayuwarsa Wanzami ya roƙi Allah inji ya lalace. Minti biyar, yana ta waƙa. Minti bakwai, ko tari. Gumi ya keto masa, ba na aiki ba. In munafukin nan ya ƙi mutuwa yau a gaban mutane, shi ke nan, kashinsa ya bushe. Sai can ya ji muryar ta fara sirancewa. Ya matsa totur, injin ya shaƙe, ya kwarma ihun nan nasa, ya yi tsit.

"Minti tara," in ji Sakatare, kamar ba da son ransa ba.

"Kada ka taɓa shi, Yaya! Ajiye shi nan." Auta ta taso. "Yallaɓai, ja igiyar da hannunka, kada a ce mun haɗa baki."

Sakatare ya miƙa wa nas fayil, ya ja sau huɗu har biro ɗaya ya faɗo daga aljihunsa. Shiru.

"To matso da kunnenka nan. Kusa dai, ba ya cizo."

Ya duƙa. Auta ta kama murfin tanki ta murɗa shi a hankali. Sai ga wani sauti siriri, tsss, kamar an buɗe kwalbar lemo. Kowa ya ji, har na baranda. Ta zare ledar da yatsa biyu, ta mayar da murfin, ta ce Sakatare ya sake ja. Ja uku, injin ya ɗauka da ƙarfinsa. Ta kashe.

"Ka ji wannan tsakin?" ta ce. "Numfashi ne. Tanki ma numfashi yake yi, Yallaɓai. Duk man da inji ya zuƙa, sai iska ta shiga ta maye gurbinsa, ta wata 'yar ƙofa a jikin murfin nan. In aka toshe ta, inji zai yi ta zuƙa har ya kasa, kamar ka kafa baki a kwalba ka yi ta sha ba ka saki ba. In ya kwanta minti goma iska ta sulala ta shiga, sai ya tashi. Wurin bakanike kuma ba ya zuwa da ledar, a aljihun Yaya take kwana." Ta ɗaga ledar sama. "Yaya, wannan fa?"

Da ƙasa za ta tsage da Wanzami ya shige. Makonni uku yana tsine wa injin, ashe shi ne ya shaƙe shi da hannunsa kowace safiya.

"Ɗiga yake yi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Murfin ne ya fara ɗiga."

"Sai ka kasa faɗa a sayo wani?" in ji Sakatare.

"Ɗigo ne kawai, Yallaɓai, ban ɗauke shi ciwo ba. Amma zo ka gani."

Ya ja su zuwa gefen da ke kusa da ɗakin masu koyon tafiya. Ya tsuguna ya buɗa ciyawa da hannu. Ga wasu tabo nan rawaya, kamar girman kwabo, a jere bisa layin da ya bi makonni uku da suka wuce.

"Duk inda ya ɗiga sai ya ƙone. Nan kuma masu shanyewar ɓarin jiki ake fitowa da su da hantsi, a cire musu takalmi su taka ciyawa. Wasu faɗuwa suke yi, su dafa da hannu. Na ce ba za su dafa fetur a filina ba."

Auta ta girgiza kai.

"Garin neman gira ka tashi rasa ido, Yaya. Amma na rantse, shekarata ashirin da biyar ina gyaran ɓarnar mutane, yawanci ta ƙazanta ce da ganganci. Yau ne na ga wanda tsabta ta kashe wa inji." Ta buɗe jakarta, ta ciro murfi uku a ƙulle a tsumma, ta gwada na farko bai hau ba, na biyu ya zauna daram. Ta juya injin ta girgiza shi, ko ɗigo.

Wanzami ya dubi murafan nan uku. Ya matso kusa da ita yadda ba wanda zai ji. "Auta, tun jiya kin sani."

"Tun jiya na yi zargi. Ka ce mini ciwon toshewa yake yi, na hura murfi na ji iska na wucewa har ta yi yawa, robar ciki ta tsage. Na ce to akwai abin da mutumin nan ke yi a fili."

"Me ya hana ki tambaye ni? Da kin ba ni murfin tun jiya."

"In ba ka, ka dawo inji na aiki sumul, me mai biron nan zai ce? Zai ce tsoron kujera ne ya warkar da kai. Inji ai minti ɗaya ne gyaransa. Sunanka ne sai da shaidu."

Ya tsaya yana kallonta, wannan yarinyar da ya taɓa saya wa alewa ranar da ya je gaishe da iyayenta. Wallahi ta burge shi.

"Rataya mana," ta ce da ƙarfi. "Rana na yi."

To a nan ne fa ido ya raina fata. Inji ya warke, ba sauran minti tara, ba sauran benci. Tanki cike yake, ga fili har bakin katanga, ga Sakatare bai tafi ba. Wanzami ya shiga lilo dama da hagu, ciyawa na zubewa a layi, ƙamshinta na tashi. Minti goma lafiya lau. A minti na ashirin kafaɗar dama ta kama wuta. Ya cije leɓe ya ci gaba. Hannunsa ya fara rawa, bakin injin ya soma dukan ƙasa yana tayar da ƙura, abin da bai taɓa yi ba. Ya ji a ransa cewa ba zai kai katanga ba.

Sai ga Auta a gabansa tana ɗaga hannu. "Kashe! Kashe in duba wani abu."

Ya kashe. Ta karɓi injin ta ajiye, ta kwance fulogi, ta yi ta juya shi a rana tana ƙanƙance ido, fulogin da ta duba jiya ta san lafiyarsa lau. Ta goge shi. Ta sake gogewa. Ba ta dubi Wanzami ba ko sau ɗaya, shi kuwa yana tsaye yana mayar da numfashi, jini na dawo masa hannu. Da ta ga ya daidaita, ta mayar da fulogin ta ce ya rataya. Ta zagaya bayansa ta yi tsaki.

"Wa ya ɗaura maka maratayin nan?"

"Haka ya zo daga kanti."

"Shekara bakwai kana ɗaukar injin nan da hannu kamar buhun siminti!" Ta sassauta wani noti, ta matsar da zoben da ake maƙala ƙugiya gaba da faɗin yatsa uku, ta ɗaure. Ta rage tsawon maratayin, ta gyara masa shi ya ratsa ƙirji. "Saki hannunka."

Ya saki. Injin ya tsaya da kansa a gefen ƙugunsa, bakinsa na reto daidai saman ciyawa, bai taɓa ƙasa ba. Nauyin ya bar kafaɗa ya bazu a baya. Wanzami ya ce, "Ikon Allah."

"Ba na barin inji a rataye a karkace, ko na maƙiyina ne. Je ka."

Ya tafi. Ba za a ce kafaɗar ta daina ciwo ba, shekara sittin da ɗoriya ba noti ba ce da za a sassauta. Amma yanzu da ƙugu yake lilo, hannu na nuna hanya kawai. Ya bi gefen baranda, ya zagaye bishiyoyi, ya gyara bakin hanyar keken marasa lafiya ta fito tsaf kamar an ja da zare. Aka fito da masu koyon tafiya, suka zauna suna kallo. Yana taku uku da katanga injin ya yi tari ya tsaya. Ya ɗaga tanki ya duba a rana. Babu ko ɗigo a ciki, man ne ya ƙare.

Sakatare ya tako har inda yake, takalmansa duk ɗanyar ciyawa.

"Baba..."

"Tsaya, Yallaɓai, in riga ka." Wanzami ya sauke injin, ya tsaya sosai. "Injin ne ke mutuwa, ka gani da idonka, ban yi maka ƙarya ba. Amma akwai saura. Duk sanda ya mutu na zauna, kafaɗar nan daɗi take ji. Ɗazu ma ba don Auta ta tsayar da ni ba, da ban kai nan ba. Ƙarfina ba kamar da ba ne. Gara ka ji daga bakina, sannan ka yanke abin da za ka yanke."

Auta ta dafe kai. "Kai, Yaya! Na gama ɗinke maka riga kana farkewa?"

Sakatare ya dubi filin tun daga baranda har katanga, ya dubi tsohon da ke tsaye gabansa rigarsa sharkaf.

"Wanda ya faɗi wannan ba a tambaye shi ba," ya ce, "ba shi ne zai yi mini ƙarya a kan inji ba. Ni na yi kuskure, Baba, kuma a gaban mutane nake roƙon ka yafe mini. Filin nan naka ne. In ka gaji ka zauna, ba sai wani abu ya mutu ba tukuna."

Idanun Wanzami suka cika, dattijo guda a tsakiyar fili ga nas-nas na kallo.

"A'a, a'a!" in ji Auta, tana saɓa jakarta a kafaɗa. "Kada ka yi mini kuka a kan ciyawa, Yaya, gishiri ma ƙona ta yake yi."

Ya fashe da dariya hawayen na zuba. Ya cire hula ya share fuska, ya ce a miƙo masa galan, akwai sauran gefen ɗakin magani.